Lamba Goma Sha Takwas

A ƙauyukanmu na wajen Tsanyawa akwai wani gero da muke kira ɗan Larai. Gajere ne, zangarniyarsa ba ta da wani kyan gani, amma kwana saba'in ya ishe shi ya nuna. Yaran yanzu suna shuka shi suna ci, in ka tambaye su wace ce Larai sai su ɗaga kafaɗa. Wannan bai dame ni sosai ba, ita dai sunanta yana bakin mutane. Abin da ke ci mini rai shi ne babu mai ambaton Nababa, alhali ba don shi ba da geron nan bai shigo garinmu ba.

Sunana Ja'afaru. Shekara goma sha tara na yi ina riƙe da makullin sito a ofishin aikin gona na shiyyarmu, kuma a can na san Nababa, mai kula da wayoyin ofishin. Ɗan mai haƙar rijiya ne, karatun allo kawai ya yi. Lokacin yaƙin basasa ya shiga soja, da aka ga ƙanƙantarsa da iya hawan bishiya sai aka haɗa shi da masu jan waya. Ya dawo gida da ɗingishi a ƙafar hagu, da wata 'yar baƙar wayar gwaji mai igiya biyu wadda ba ya rabuwa da ita. Duk inda ya maƙala ta a jikin layi zai ji abin da ke tafiya, ya kuma yi magana a ji shi. Matarsa Aishatu takan ce ko masallaci zai tafi sai ya shafa aljihu ya tabbata tana nan.

An gina ofishinmu a shekarun da abubuwa ke tafiya daidai. Aka ja mana layin tarho guda ɗaya tak daga Bichi, a kan falwayoyin katako da ke bin gefen titi. Wani Ba'indiye ya zo ya kafa akwati a bangon wani ɗan ɗaki, aikin akwatin shi ne ya karɓi layin nan ɗaya ya rarraba shi zuwa ɗakuna. Kowane ɗaki da lambarsa. Ta wasu maɓallai ake gaya wa akwatin wanda zai iya buga waya waje da wanda ba zai iya ba, da ɗakin da za ta yi ƙara in an bugo daga birni. Ba'indiyen ya kwana biyu ya tafi, ya bar wani ƙaton littafi na Turanci da babu wanda ya taɓa buɗewa. Amma Nababa ya bi shi sau da ƙafa, duk abin da ya latsa sai ya rubuta da ajami a wani ɗan littafin 'yan makaranta. Da wannan ajamin ya riƙe akwatin nan har ƙarshen zamaninsa.

Shi ya raba mana lambobi, daga babba zuwa ƙarami, don ya san halinmu. Manaja, Alhaji Khalilu, ya samu goma sha ɗaya. Mataimakinsa goma sha biyu, malaman gona suka biyo baya, ni na samu goma sha bakwai. Na yi kwana uku ina cika ina batsewa, don a ganina na fi wani malamin gona daɗewa a aiki. Goma sha takwas ta rage babu mai ita, aka bar ta haka.

Sai shekarun wahala suka zo, fari da tsuke bakin aljihun gwamnati a lokaci guda. Damina biyu a jere ruwa ya ɗauke gero yana tsakiyar fitar da kai. Rumbuna suka zama fayau. Mata suka koma tafasa da rama, mutane suka sayar da awakinsu, daga ƙarshe aka ci iri. Wanda bai yi noma ba ba zai san nauyin wannan maganar ba: manomi ya kwance irin da ya ajiye don shuka ya ba matarsa ta daka. Babana ma ya yi. Abin da ya rage masa bai cika tiya ba, ya zuba a gora ya ɓoye a saman ɗaki.

A ofis aka sallami mai amsa waya, aka ɗora wa Nababa aikinsa. Masu gyaran layi na birni kuma suka daina zuwa, wai babu tayar mota. Gara ta samu falwayoyi tana ci son ranta. Don haka rabin yini Nababa yana kan keke yana bin titi, da filaya da ƙullin waya a bayan sirdi, ɗakin akwati kuwa babu kowa. In zai fita sai ya saita akwatin yadda duk wayar da ta shigo za ta tafi kai tsaye ɗakin manaja.

Gab da faɗuwar damina muka ji labarin hedikwata a Kano ta samo irin gero mai saurin nuna, za a raba wa shiyyoyi. Motocin kaɗan ne, mai kuma ya yi wuya, saboda haka ba sa tura mota sai sun bugo waya an tabbatar musu akwai mai karɓa. Duk garin ya sa ido a kan ofishinmu. Ni ko hanya na bi sai wani dattijo ya tare ni ya ce, "Ɗan nan, ina labarin irin?"

A makon ne Alhaji Khalilu ya tafi rangadi, ya kulle ɗakinsa. Ranar Litinin da hantsi waya ta kama ƙara a ciki. Muna zaune mu shida a ɗakunanmu, kowa yana ji. Nababa ya riga ya koya mana cewa in waya tana ƙara a wani ɗaki, ka ɗaga taka ka latsa lamba kaza, sai ta dawo wajenka. Duk mun iya. Babu wanda ya latsa. Mataimaki yana ganin ba a ba shi izini ba, malaman gona suna ganin ga mataimaki zaune, ni kuma ina can ƙarshen layi, wa ya aike ni? Yadda aka tarbiyyantar da mu, ƙarami ba ya riga babba sa hannu a kwano, balle kwanon da aka ajiye da sunan babban. Ta yi ƙara ranar Litinin, ta yi ranar Talata, muna kallon juna. Ranar Alhamis wani direba ya gaya mana motar da aka ware mana ta wuce wata shiyya, don an bugo babu wanda ya ɗauka.

Ban taɓa ganin Nababa ya yi fushi ba sai ran nan. Bai ɗaga murya ba. Ya tsaya a baranda ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Malamai, ladabin naku ya yi kyau. Sai ku kai wa mutane su shuka." Wallahi na ji kunya har cikin ƙashina.

Wani da sai ya dage da koya mana latsa lamba har mu gaji. Shi kuwa ya lura ba ilmi ne ya gaza mana ba. Ya kwana biyu yana jujjuya ɗan littafinsa na ajami, sannan ya sami Alhaji Khalilu bayan ya dawo, ya durƙusa ya gaishe shi. Ina wajen, na kai takardu.

"Ranka ya daɗe, in an kawo maka tuwo a gida ka ci ka ƙoshi, ko ba ka nan, ina ake kai kwanon?"

Alhaji ya ce, "Sai a miƙa wa na ƙasa."

"To haka nake so in saita wayar nan. Ta fara zuwa gabanka. In ba ka taɓa ba, ta sauka wajen mataimaki, in bai taɓa ba ta sauka gaba. Duk wanda ta yi ƙara a ɗakinsa, ragowarka ce ta iso shi, ba shi ya miƙa hannu ba."

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce a yi hakan. Mu ma abin ya kwanta mana, don yanzu in ta yi ƙara a gabanka kwanonka ne.

Sai dai Nababa ma ɗan garin ne, girmamawar da ta ɗaure mu shi ma ba ta bar shi ba. Ya ba kowane ɗaki ƙara biyar, bai tsallake kowa ba, don kada wani ya ce an raina shi. Bayan kwana uku Alhaji ya je Kano, ya bugo daga can don ya gwada. Ranar ni kaɗai ne a ofis. Kafin wayar ta gama gaida ɗakuna shida da babu kowa a ciki ta iso ni, bawan Allah ya gaji ya ajiye. Ya dawo yana faɗa, wai ya riƙe kan waya har hannunsa ya sage. Nababa ya sunkuyar da kai ya ce laifinsa ne.

Daga ranar ya ɗauki wata sabuwar ɗabi'a. Kullum da safe sai ya bi ɗakuna yana gaisuwa, ɗaya bayan ɗaya. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya mai jiki. Can cikin gaisuwar sai ya sako, "Yau ana nan, ko za a ɗan leƙa ƙauye?" Mu muka ɗauka tsufa ne ya fara kama shi, ko neman gindin zama yake saboda jita-jitar rage ma'aikata. Ashe lissafin masu zama yake yi. Yana gama zagayen sai ya shiga ɗakin akwati ya cire lambar duk wanda zai fita daga jerin ranar, ƙarar kowa kuma ya rage ta zuwa huɗu. Ɗakin manaja kaɗai ba ya cirewa. Ko Alhaji yana Makka, sai wayar ta yi masa ƙara biyu na girmamawa kafin ta sauko.

Sannan ya zo da maganar Inna Larai. Ita ce mai sharar ofis, tsohuwa ce da mijinta ya rasu, ta riga kowa zuwa, kuma ba ta tafiya sai an kulle. Bayan shara takan zauna a ƙarshen baranda tana saƙar faifai. Nababa ya tono wata matacciyar waya a cikin tarkacen sitona, ya yi yini guda yana fama da ita har ta tashi. Ya kafa ta a bango daidai inda Inna ke jingine tsintsiyoyinta, ya ba ta lamba goma sha takwas, ya sa ta a ƙarshen jeri, wato bayana.

Ni na fi kowa yi masa ba'a. Na ce, "Malam Nababa, saura jakin mai gadi, a ba shi goma sha tara." Ban so abin ba ne, gaskiya. Sai nake ganin kamar cewa yake ba a yarda da ni ba.

Ya ce, "Ja'afaru, kai mutum ne mai ƙafa. Ita kuwa inda ka bar ta nan za ka same ta."

Koya mata ya ɗauki mako guda. Da farko ko taɓawa ba ta yi, wai an ce wutar ciki tana kama mutum. Da ta saba kuma sai ta ɗauki gaisuwa, in Nababa ya bugo mata daga ɗakin akwati sai ta tambaye shi Aishatu da yara da awaki, har ta kai ga surukarsa. Ya yi ta lallashinta. "Inna, sallama ɗaya, gaisuwa ɗaya. In an tambayi mai magana, kada ki ce mai shara, ki ce lamba goma sha takwas. Abin da aka faɗa ki riƙe shi da kyau." Ta ce riƙe magana ai ba sai an koya mata ba, ta ƙulle bakin mayafinta kawai.

Ruwan shuka ya sauka wata Laraba da asuba, da iska mai ƙarfi. Gari ya waye ƙasa ta jiƙu sharaf, tana ƙamshi, mutane suna tsaye a bakin gonaki hannu rabbana. Ban taɓa ganin safiya mai kyau da ɗaci irin wannan ba. A hanyata ta zuwa ofis na hango Babana ya saɓa sungumi, da gorar nan a hannu, yana tafiya a duƙe saboda ciwon bayansa.

Na iske layi ya mutu, iska ta kayar da falwaya a wani wuri. Alhaji Khalilu tun jiya yana Kano, ya tafi roƙon a ba mu mota ta ƙarshe. Mataimaki da malaman gona za su fita duba inda ruwan ya kai. Nababa ya yi zagayen gaisuwarsa a gurguje, ya zo kaina.

"Yau ana nan?"

"Ina nan daram."

"To cikin malamai kai kaɗai ne a jeri. Biyu na Alhaji, huɗu naka. Kada ka motsa, zan haɗa ta kafin rana ta take."

Ya hau kekensa ya tafi cikin taɓo. Na zauna ina kallon wayar da ko numfashi ba ta yi. Na ɗaga na saurara, shiru. Na sake ɗagawa, shiru. Zuciyata tana wajen tsohon nan da sunguminsa. Sai na ce wa kaina, gurgu a kan keke cikin wannan caɓi, ai sai la'asar. Gonarmu ba nisa, in je in sare masa ramuka in dawo, wa zai sani? Na sa makulli a aljihu na zame ta bayan sito.

Ban sare kunya goma a gonar ba na ji ana ƙwala mini kira. Na ɗaga kai na ga Inna Larai tana ratso gonakin mutane, taɓo har gwiwa, takalmanta a hannu, bakin mayafinta a ƙulle.

"Ja'afaru! Ajiye sungumin nan, mota na tafe!"

A hanya ta ba ni labari tana haki. Tana zaune ta ji ƙara biyu a ɗakin Alhaji, ta ji huɗu a nawa, sai ga ta a kanta. Ta yi bisimilla ta ɗaga. Wani mutum mai gaggawa ya ce daga hedikwata ne, ina manaja? Ta ce yana wajenku. Ya ce mai sito fa? Ta ce yana kusa. Ya ce wa ke magana? Ta gyara murya ta ce, "Lamba goma sha takwas." Ya ce ga mota an loda, direba yana ciki, in babu mai karɓa yanzu zai juya ta wata shiyya. Ta ce, "Turo ta, ɗana. In ta zo sito a kulle, ni za ka kama."

Motar ta iso bayan azahar, ta same ni tsaye a ƙofar sito kamar ban taɓa motsawa ba. Kafin magariba labari ya kai kowane ƙauye. Washegari da jibi aka yi ta rabo, gida gida, mata suna guɗa, aka shuka tun ƙasa ba ta bushe ba. Babana ya karɓi nasa a cikin hularsa, yana ta kallonsa. Ruwan shekarar ma ya ɗauke da wuri, amma kafin ya ɗauke geron ya riga ya nuna. Tun daga kakar nan aka sa masa suna ɗan Larai.

Da Alhaji ya dawo ya ji wadda ta amsa wayar, sai ya ɗaure fuska ya tambayi inda mai sito yake a lokacin. A watan ne ake tattara sunayen waɗanda za a sallama. Nababa, wanda ya dawo da hannunsa na dama a naɗe da tsumma, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai tsarin ne ya yi aikinsa, ragowa ta sauka har ƙasa. Ga Ja'afaru can tun jiya bai zauna ba." Alhaji ya bar maganar. Na ɗauka Nababa bai san komai ba, rufa mini asiri kawai ya yi a kan zato.

Shekaru suka wuce. Inna Larai ta rasu, ofishin ya ragu, ɓarayi suka kwashe wayar kan titi, akwatin ya zama gidan zanzaro. Nababa ya koma gonarsa da gyaran rediyo a kasuwar Tsanyawa. Kowace kaka nakan kai masa dami, ya yi ta faɗa wai me ya yi mini.

Shekarar da zai rasu na je duba shi da hantsi, yana kwance a zaure. Ya sa Aishatu ta ɗauko masa 'yar baƙar wayar nan, ya miƙo mini ya ce in riƙe. Ina jujjuya ta sai na ga wajen magana rami ne, babu komai a ciki.

Na ce, "Ina bakinta?"

"Yana jikin wayar Larai. Tata ba ta da shi, babu kuma inda zan samo."

Sannan ya ba ni labarin ranar da motar iri ta zo. Ran nan falwayar ta karye, sai ya ja wayar ya hau wata ɗorawa da ita. Ya haɗa bakin wayar biyu da suka tsinke ya matse da filaya, bai kai ga murɗewa ba, ya maƙala 'yar wayarsa don ya ji ko layi ya dawo. A daidai lokacin kiran ya shigo. In ya saki filayar layi ya yanke, hannunsa kuma a jiƙe, kowace ƙara sai wuta ta fizge shi har kafaɗa.

"Na ƙirga biyu na Alhaji. Sannan na fara ƙirga naka. Ina jin ta tana ƙara, ba ni da bakin da zan amsa. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ja'afaru, na yi yaƙi, amma ban taɓa jin abu mai tsawo kamar huɗun nan naka ba."

Na kasa ɗaga kai. Da ƙyar na ce, "Shekara talatin ka sani, ba ka taɓa faɗa mini ba?"

Ya ce, "Na hango Babanka da gorarsa da zan fita. Ni ma da nawa ne, da na tafi. Don irin wannan ranar na sa Larai a bayanka."

Na yi kuka a zauren nan, ni da furfurata, Aishatu tana jina daga tsakar gida. Wayar tana wajena har yau, a cikin akwatin da nake ajiye iri. Allah ya jiƙan Nababa, ya saka masa da abin da mu ba mu iya saka masa ba.